Rabin Awa a Cikin Bututu

Kwana bakwai mai kitso ta yi tana tura 'yarta Auta ƙarƙashin gado. Maƙwabta har sun fara cewa ta taɓu, alhali horo take yi mata.

Auta shekararta shida. Da tsagaggiyar ganɗa aka haife ta, rufin bakin nan na ciki, aka ɗinke tun tana goye. Ɗinki ya yi kyau, amma har yau magana ta hanci take fita, uwarta kaɗai ke ganewa. Sai likitan ya ce suna bincike kan irin waɗannan yara: za a sa ta cikin na'ura a ɗauki hoton cikin bakinta, a ga abin da ya hana. Rabin awa aka ba kowane yaro. Wanda nasa bai ɗauku ba, sai bayan wata shida.

Ƙanwar mijin mai kitso, wadda ko allura ba ta iya kallo amma ta fi likita sanin asibiti, ita ta ce wai motsi kaɗan ke ɓata hoton. Shi ne mai kitso ta fara koya mata kwanciya ba motsi a ƙarƙashin gado, ta ƙara gishiri don yarinya ta ji tsoro: "Kika motsa, ko kika ce uffan, yanka ki za su sake yi."

Ranar, aka cire wa Auta 'yan kunne, aka tsince ƙarafunan da uwar ta yi mata ado da su a kitso, aka toshe mata kunne da abin jin magana. Gado ya zame da ita cikin bututun na'urar, sai tafin ƙafa ake gani. Mai kitso na bayan gilashi tare da mai ɗaukar hoto, na'ura na bugu kamar ana sara ƙarfe.

Mai hoto ta matsa makirfo. "Yauwa 'yan mata. Ce min aaa, ki ja shi."

Shiru.

"Auta, kina ji na? Ce sss."

Ko yatsa bai motsa ba. A allon, ga kan yarinya a gicciye, harshe kwance, ganɗa a sake kamar labule.

"Maman Auta, ko ba ta jin magana ne?"

"Tana ji." Mai kitso ta dube ta. "Wai... magana za ta yi a ciki?"

"To me muke ɗauka? Sai tana magana za mu ga ko ganɗar na rufe hanyar hanci. Ba ki karanta takardar da muka ba ki ba?"

Takardar tana cikin jaka, an naɗe mataji da ita.

Minti goma sha biyu ya tafi. Wata mata ta leƙo da ɗanta a hannu, ta dubi agogon bango, ta koma. Mai hoto ta yi lallashi, ta yi alƙawarin alewa, har waƙa ta yi, murya kamar ta ƙofa mai tsatsa. Auta ta riƙe horon uwarta gam.

"Saura minti tara. In ba ta yi ba, fito da ita zan yi."

Wata shida kuma. Ga makaranta, inda yara ke toshe hanci suna kwaikwayonta. Mai kitso ta ja makirfon gabanta.

"Auta, Mama ce. Abin da na faɗa miki a gida ƙarya ne. Magana ake so ki yi."

Sai wata 'yar murya ta fito ta lasifika, duk ta hanci.

"Me ta ce?" in ji mai hoto.

"Wai in ta yi, ba za a yanka ta ba?"

Mai hoto ta yi mata alama da ido: ce e kawai, mu wuce. Mai kitso ta girgiza kai. Ƙaryar farko ce ta kawo su nan.

"Ban sani ba, Auta. Wallahi ban sani ba. Hoton ne zai faɗa. Amma ba maganarki ce za ta jawo ba, kuma ko me aka ce, ni zan gaya miki da bakina."

Agogo ya ci minti guda cur.

"Aaaa."

Labulen nan na allo ya ɗaga, ya miƙa baya, ya tsaya saura ƙiris ya rufe hanyar hanci. Mai hoto ta hau danne-danne. "Kuma! Ce sss! Ce baba ya ba ni!"

Da likita ya zo, ya sa bakin biro a wannan 'yar kafar. Ganɗar tana aiki, ya ce, gajarta ta yi. Koyon magana kaɗai ba zai rufe ta ba, sai an ƙara ƙaramin aiki.

A baranda mai kitso ta durƙusa tana mayar wa Auta 'yan kunne, ta gaya mata kamar yadda ta yi alƙawari. Yarinyar ta daɗe tana kallonta, sannan ta yi wata tambaya ta hanci.

"A'a," in ji uwar, tana share ido da gefen mayafi. "Ƙarƙashin gado kam an gama."