Ɗan Wane Gari Ne Ostariti?

Gide Mai Lasifika mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: in aka yabi wani a gabansa, sai tuwo ya tsaya masa a maƙogwaro. Tun da aka dawo siyasa yake bisa Landirobar jam'iyyar gwamnati yana shela, daga kasuwar Yankara zuwa Daudawa, daga Sabuwa zuwa Ƙanƙara. A lokacin aikin ba wuya. Kuɗin fetur na zuba, shinkafar waje ta shiga har gidan mai gadi, ko tari ya yi a lasifika sai an tafa masa.

Sai farashin mai ya faɗi can inda ake sayensa. Sabulu ya ɓace, madara ta bi shi, taki ya zama sai wane da wane. Rediyo ta raɗa wa abin suna da Turanci, wai ostariti. Ana cikin haka zaɓe ya ƙarato, Alhaji Maharazu, shugaban jam'iyya na yankin, ya aika a kira Gide.

"Malam Gide, muryar nan taka ta yi aiki. Bana ka huta. Nata'ala zai hau mota."

Nata'ala taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, wanda wata masaƙa a Kaduna ta sallamo saboda wannan ostaritin dai. Gide ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya fito yana ba kansa haƙuri. Duk wanda ya riƙe lasifikar gwamnati bana, ai jifa da hoge zai sha.

Ran kasuwar Yankara ya sa rigar sallarsa, ya zauna a bencin Mani mai shayi don ya ga jifa da idonsa. Mota ta tsaya, mutane suka taru fuska ba annuri. Nata'ala bai gama sallama ba, wata tsohuwa mai daddawa, Baraka, ta ɗaga sandarta.

"Kai ɗan nan! Wai shi Ostaritin nan da ya kwashe mana sabulu, ɗan wane gari ne?"

Gide ya gyara zama.

"Inna, kin yi tambayar manya," in ji Nata'ala. "Baƙo ne, ta teku ya shigo. 'Yan adawa ne masu masaukinsa, su ke kai mashi tuwo. Ku dai ba mu ƙuri'a, mu kamo shi, mu kawo shi nan tsakar kasuwa ki fara dukansa da sandar nan!"

Waɗanda suka gane suka fashe da dariya. Waɗanda ba su gane ba suka ɗauki ihu, a kamo shi, a kamo shi. Daga bisa mota duk ɗaya ne, tafi ake ji.

Ba ƙaryar ce ta dami Gide ba. Shi ma da ita ya yi ginin bulo. Abin da ya tsaya masa shi ne kyanta. Duk shekarun da ya yi yana shela bai taɓa gilla mai kyau irin wannan ba.

"Kai, yaron nan akwai kai," in ji Mani, yana ƙara masa ruwan zafi. "Gide, ka taɓa yin irinta kuwa?"

"Shayin nan naka ba sukari."

"Ostariti ya sha."

Da motar za ta wuce, Nata'ala ya hango shi, ya kuwa faɗa ta lasifika, kasuwa na ji: "Taubashi! In ara maka ka ɗan yi tari, kada muryar ta yi tsatsa?"

Daga ran nan Gide ya shiga faɗin gaskiya. Wurin suna, wurin ta'aziyya, har Yargoje ya je a kan keke. Ya ce Ostariti ba mutum ba ne, ba wanda za a kamo. Gwamnati ce ta ci riba ta haɗa da uwar kuɗi, yanzu ta ce talaka ya ɗaure ciki. Mutane suka rinƙa gyaɗa kai, wasu har suna cewa Malam Gide ya ji tsoron Allah.

Matarsa Suwaibatu ce kaɗai ba ta gyaɗa ba.

"Malam, kwanon rufin ɗakin nan fa na jam'iyya ne."

"Gaskiya nake faɗi."

"To ita gaskiyar ina ta tahi, sai da aka amshe lasifika ta dawo?"

Shi dai dabararsa a fili take. In jam'iyya ta faɗi a Yankara, Alhaji Maharazu zai san muryar wa ke kawo ƙuri'a, kuma da ƙafarsa zai zo biko.

Ran zaɓe ya kwanta a zaure ya ce zazzaɓi yake, ko ƙofar gida bai leƙa ba. Masu wucewa suka ce layi ba kowa, duk an tafi gona. Nan take zazzaɓin ya sauka. Ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ya zauna yana tsara yadda zai ja wa Alhaji aji kafin ya yarda.

Alhaji bai zo ba. Jam'iyya ta cinye Yankara kaf, aka ba Nata'ala sabon babur, aka ce bakinsa ne ya yi aiki. Wanda ya zo shi ne Lawwali, malamin firamaren da ya yi aikin zaɓe a rumfar unguwarsu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ya jiki, sannan ya ce Alhaji na godiya da bai juya wa jam'iyya baya ba.

"Godiyar me?"

"Ta ƙuri'a mana, Baba."

A takardar zaɓen rumfar unguwarsu, Gide ne mutum na farko da ya jefa wa jam'iyya ƙuri'a.