Lola Tasing a Tsakiya

Ni na koyar da Luningning, wadda muke kira Ning, a firamare, ni kuma na fara ba ta fensirin launi. Shi ya sa da ta bar makarantar koyon jinya ta kama zane, kakarta Lola Tasing ta raba fushinta biyu, rabi nata, rabi nawa. Tun daga nan tsohuwar ba ta ƙara tambayar yarinyar komai game da aikinta ba, abin kuwa yana cin Ning a rai.

Ranar wata Asabar Mang Doming ya rataye zanenta na farko a gidan abincinsa, tsohon gidan katakon nan na bayan coci, wanda bangonsa ke cike da zane-zanen 'yan gari. Da ƙyar Aling Perla, mahaifiyar Ning, ta shawo kan Lola ta yarda za ta zo ta gani.

Na riga su isowa. Ning ta ɗora hannuna a goshinta ta gaishe ni, ta ja ni gaban zanen. Mata ne zaune a matakalar gida suna tsince shinkafa: Perla a hagu, Ning a dama, Lola tsakaninsu. Ya yi kyau ƙwarai. Sai na ƙirga matan.

"'Yata, mutum nawa ne a nan?"

"Uku, Malama."

"Wa ke tsakiya?"

Ta dafe baki. A garinmu ko hoton waya za a ɗauka ba a tsayawa mutum uku, sai an jawo wani ya cike huɗu, domin an ce na tsakiya shi ke riga sauran mutuwa. Ning ta san wannan sarai. Zaman birnin Manila ne da neman dacewar launi suka mantar da ita.

"Wayyo Allah, za ta ce fatan mutuwa nake yi mata! Mang Doming, taimaka mu sauke shi."

"Mu sauke mu rataye me, kalanda?" in ji shi. "Ɗauko burushi ki ƙara kaza, ta zama ta huɗu."

Bai rufe baki ba keken haya ya tsaya a ƙofa. Lola ta shigo tana dogara sanda, Perla na riƙe da jakarta. Na yi maza na ja mata kujerar da ta ba zanen baya.

"Abinci tukuna," in ji Lola. "Ba na kallon komai da yunwa."

Aka kawo shinkafa da sinigang, miyar tsamiya da kifi, tana tururi. Lola ta ci a natse, ta tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ning sai juya cokali take yi. Da tsohuwar ta ƙoshi ta dube ni.

"Malama, kin sa ni fuskantar bango kamar ɗalibar da ta yi laifi. Me kuke ɓoyewa a bayana?"

Ta juya da kanta. Ta daɗe tana kallo. Perla ta gane abin da ke ciki, ta yi alamar gicciye. Ning ta durƙusa kusa da kujerar.

"Lola, ki yafe mini. Ban lura ba na sa ki a tsakiya."

"To da wa za ki sa? Uwarki? Ko ke, da ko saurayin kirki ba ki yi ba?" Ta buga sandarta a ƙasa. "Da na tarar da ɗayarku a wurin nan, da sandar nan zan yaga shi. Ni na riga ku zuwa, ni zan riga ku tafiya. Abin da nake roƙo ke nan duk Lahadi. Yau dai kin yi aiki da hankali."

Ning ta kifa kai a cinyar kakarta, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Tashi, kina jiƙa mini siket. Amma faɗa mini, kunnuwan nan na waye? Na jemage?"

"Naki ne, Lola," in ji Mang Doming daga bakin kicin. "Har ma ta rage musu."

"Kai kuma yi shiru, miyarka ba tsami." Ta sa aka juya mata kujera sosai, ta gyara tabarau. "Kawo mini kofi. Kuma ka ji ni da kyau, Doming, kada ka sayar wa 'yan Manila da wannan. In an gama nuna shi, falona zai koma."