Ban da Hannun Dama

Shekara shida ke nan ina aikin wanke haƙori a wani asibitin haƙori da ke unguwar Rusholme, a nan ƙasar Turawa. 'Yan gidanmu a Kano "likita" suke ce mini, har na gaji na daina gyara musu. Ainihin aikina shi ne kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora da duba dasashi, mutum goma sha biyu ko sha huɗu a yini, kaina a sunkuye, wani siririn ƙarfe tsakanin babban yatsana da manuniya. Ba albashi nake ɗauka ba. Ranar da na yi aiki a biya ni, ranar da na kwanta babu wanda ya san da zamana.

Yayana Ɗan'azumi akanta ne a Birmingham, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu a buɗe su wuce. Shi ya sa ni gaba.

"Raki, ke fa self-employed ce, ba ki da sick pay," in ji shi a waya. "Idan hannun nan ya ƙi, wa zai biya rent? Ki yi income protection kawai ki huta."

Ya haɗa ni da wata mai ba da shawara kan inshora, Bethany, wadda ofishinta ke kusa da nasa. Ita ta yi mini bayani dalla-dalla. Irin wannan inshorar tana biyan mutum wani abu duk wata idan ciwo ya hana shi aiki. Kamfanonin sun kasa sana'o'i aji huɗu. Na ɗaya su Yaya ne, 'yan zaman kujera, su ake wa sauƙin farashi. Na huɗu masu hawa rufin gidaje. Mu masu wanke haƙori muna tsakiya, wani kamfanin ya sa mu a na biyu, wani a na uku. Abin ya ba ni haushi, na ce ni da nake aiki a ɗaki mai tsabta da safar hannu? Ta ce ba ɗakin suke dubawa ba, wuya da wuyan hannu suke dubawa, don su ne ke fara gajiya a sana'armu. Ta kuma gargaɗe ni da in zaɓi wadda za ta biya idan na kasa yin aikina na kaina, kada in ɗauki wadda za a ce mini ai ina iya zama in amsa waya.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, wata bakwai ke nan babban yatsana na dama yana sagewa da safe, da yamma kuma wuyan hannun ya yi ta zugi. Ban je wurin likita ba, ban gaya wa kowa ba. A gidanmu ba a kiran ciwo da sunansa. Ko ana ƙara wa mutum ruwa, ka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce, kai ma ka ce Allah ya ƙara sauƙi, magana ta ƙare.

Wata nas daga kamfanin inshorar ta kira ni don tambayoyin lafiya lokacin hutun rana, ina tsaye a bakin Wilmslow Road, bas-bas suna ta wucewa. Ta yi tambaya kan zuciya, kan sukari, kan taba. Sannan ta ce ko na taɓa jin ciwo ko sagewa a hannu ko wuya cikin shekaru biyar da suka wuce. Kafin ta rufe baki na ce a'a, lafiya ƙalau. Wayar tana hannuna na hagu a lokacin, domin na daman ya ƙi riƙe ta. Ko kaɗan ban ji na yi ƙarya ba, ji na yi kamar na amsa gaisuwa.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly zuwa Birmingham don in sa hannu. Yaya ya ɗauko ni a tasha yana ta murna, wai an sa ni a aji na biyu kuma ba a cire wani ciwo daga cikin inshorar ba. A ofis Bethany ta ce al'adarta ce ta karanta wa mutum amsoshinsa da baki kafin ya sa hannu. Ta ce ranar da mutum ya zo neman a biya shi, kamfanin zai nemi bayanansa daga wurin likita, ya duba yaushe ciwon ya fara. Idan bai yi daidai da abin da ke takarda ba, suna iya ƙin biya gaba ɗaya.

Tana karantawa ina lissafi a zuci. Idan na faɗa, za su cire hannun dama, shi kuwa ne dalilin zuwana. Idan na yi shiru, duk ranar da na je asibiti za a tambaye ni tun yaushe, a rubuta. Wato zan sayi takardar da za ta hana ni ganin likita, kuma sunana na ƙasanta a kan abin da ba haka yake ba. Tsoro ya kama ni sosai, da kunya.

Da ta kai kan tambayar, na ce, "Wannan amsar ba daidai ba ce."

Yaya ya juyo ya dube ni. Bethany ba ta nuna mamaki ba. Ta tambayi wane hannu, tun yaushe, ta rubuta, ta ce za ta mayar musu. Ta ce mai yiwuwa su cire hannun, amma wuya da baya da sauran cututtuka suna nan a ciki, kuma wasu kamfanonin kan sake dubawa idan an yi magani an daɗe lafiya.

A mota Yaya ya daɗe bai tayar da injin ba.

"Wata bakwai," ya ce. "Kullum muna waya, Raki."

"Yaya, kai da aka yi maka operation sai bayan sati biyu muka ji a bakin matarka?"

Ya tayar da motar. Ya ce in kira GP, wato likitan unguwarmu, ranar Litinin, na ce to.

Bayan sati uku wasiƙar ta iske ni a gidana da ke unguwar Hulme. Komai yana nan yadda aka yi alkawari, sai layi ɗaya a shafi na biyu: ban da duk wata lalura ta hannun dama da wuyan hannun. Na ɗan yi kuka a tsaye a kicin, sannan na sa hannu. Zuwa lokacin likita ya riga ya gan ni, ya ba ni abin ɗaure wuyan hannu, ya tura ni gwajin jijiya, ni kuma na rage mutum uku a aikin kowace rana.

Saura mahaifiyarmu, Hajiya, da ke Kano. Na kira ta bayan la'asar, muka gaisa kamar kullum, ta tambayi aiki da sanyi. Na daure na ce, "Hajiya, hannuna na dama yana ciwo. Ya daɗe."



"Babban yatsa ne?" ta ce.

"Shi ne."

"Nawa ma ta nan ya fara," in ji ta. "Shekara tara ke nan rabona da tuƙa tuwo. Ku kuka ce girma ne ya zo, ni kuma na bar ku a haka."