Kabari a Gonar Tuffa

"Kawu Joldosh, don Allah janye taraktar nan."

Joldosh ko injin bai kashe ba. Ya gindaya taraktarsa a ƙofar maƙabartar ƙauyen, mazan gari sun yi cirko-cirko a bayansa cikin dusar ƙanƙara. Mai maganar Burul ce, 'yar maƙwabcinsa Satkin. Shi Satkin yana kwance a bayan motar kaya, naɗe cikin darduma. Shekaranjiya ya cika.

"Nan makwancin kakanninmu ne," in ji Joldosh. "Ba a binne ɗan sekta a nan."

Sekta. Sunan da gari ya liƙa wa gidan Satkin ke nan tun da ya dawo daga ƙwadago a babban birni Bishkek da ɗan littafi a aljihu, ya fara tara mutum biyar-shida a ɗakinsa ran Lahadi suna waƙar Isa. Joldosh bai taɓa tambayar ma'anar kalmar ba. A talabijin ya ji ta, kuma duk wanda aka kira da ita, ko dai ya ci kuɗin Turawa ko ya juya wa 'ya'yan mutane kai. Ai shi ma Joldosh ya gani a gidansu. Ƙanwarsa Jipar sau uku kacal ta leƙa ɗakin nan, ran sadakar shekara ta uwarsu kowa ya ɗaga hannu yana addu'a ban da ita.

"Uwata tana ciki," Burul ta ce. "A gefenta ya ce a sa shi."

"Da ya tuna da haka kafin ya sayar da addininsa. Ku kai shi maƙabartar Rashawa, can ga gicciye kamar daji."

"Mun je jiya. Limamin cocinsu ya kore mu. Ya ce mu 'yan sekta ne."

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Ulukbek, matashin limamin gari, ya matso yana shafa gemu.

"Ƙanwata, abin ai da sauƙi. Ki yi shahada a gaban jama'a, ki ce ya tuba kafin ya cika. Sai dattawa su duba."

"In yi wa gawa ƙarya? Kai ma, Yaya Ulukbek, da ka dawo daga da'awa da ɗangalallen wando, me tsofaffin nan suka kira ka? Ba ɗan sekta ba? Ubanka har tabarmarka ya jefar waje. Yanzu da kuka cika masallaci, sai kuka zama addini."

Liman ya ja da baya. Tsofaffin suka duƙufa kallon takalmansu.

"Ji bakin!" Joldosh ya daka tsawa. "Abin da ake koya musu ke nan, raina manya. Juya motar nan, ko in tura ta cikin rafi da shi a ciki!"

Direban bai jira an sake faɗa ba.

Da azahar Joldosh yana shan shayi, ya ji warin taya. Ya fita. A gonar tuffar Satkin, daf da shingen da ya raba gidajensu, an ƙona tayoyi don ƙasar da sanyi ya daskarar ta saki. Burul tana sara da diga. Wadda ke kwashe ƙasa da shebur kuwa Jipar ce.

"Me kuke yi a jikin shingena?"

"Gonar ubana ce, Kawu," Burul ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Nan ma za ka kawo taraktar?"

"Tagar ɗakina ce nan! Kullum in tashi in gan shi?"

"Kai ka zaɓa masa wuri, Yaya," in ji Jipar.

Ya zage su, ya zagi littafinsu, ya shige gida ya buga ƙofa. Har la'asar diga tana ƙara. Daga baya ya ji muryoyin mata, sirara-sirara, suna waƙarsu. Ba namiji ko ɗaya da ya zo ya zuba ƙasa.

Da safe ya fito zai ba tumaki ciyawa. Tudun kabarin yana nan, baƙi ƙirin a tsakiyar farar ƙanƙara. Ƙasar ramin ta zubo ta ƙarƙashin shinge, ta ɓata masa tsakar gida. Ya tsaya yana kallonta, ya yi tsaki. Sannan ya duƙa ya dumbuzo cikin tafin hannu, ya watsa ta hayin shinge. Ta sauka a kan tudun.