Kififiya a Tsohuwar Firiza

Awaisu mai gyaran firij ne a Funtua. Wata Juma'a cikin rani ya je Ƙarfi duba surukinsa, a hanyar dawowa ya tarar da mutane cikin wani tafki da ya ƙafe, suna haƙar kifin gaiwa a busasshiyar laka. Ya tsayar da babur don ya saya wa gida. Yana nan tsaye wani ya kafta fartanya, ta bugi wani abu mai tauri. Da aka tone sai ga uwar kififiya, faɗinta ya kai faifai. Mai fartanyar ya kifar da ita, ya take ta da ƙafa, ya shiga saran gefen ƙoƙonta da adda kamar mai faskare. A sara na uku ƙoƙon ya tsage, jini ya ɓulɓulo ya gauraya da laka, ƙafafunta suna ta harbin iska. Ya zura yatsu ya ɓanɓare ƙoƙon tun tana motsi.

A bakin ramin akwai wata ƙarama, ba ta fi tafin hannu ba, tana neman inda za ta shige. Awaisu ya sunkuya ya ɗauke ta, ya cire hularsa ya saka ta ciki. Ba wanda ya kula shi. Ya hau babur ya tafi, ko gaiwar bai saya ba.

'Ya ɗaya gare shi, Bushra, mai shekara tara. Tana da ciwon sikila, kuma a wannan shekarar kwanakin da ta yi a kwance sun fi waɗanda ta yi a makaranta. Da ya juye kififiyar a cikin roba, yarinyar ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana huɗu ba ta yi ba. Uwarta Rahama ta ce ciki da falo kawai gare su a gidan haya, ina za a kai wannan ƙazanta. Amma da ta ga Bushra ta shanye kunu tana kallon robar, sai ta haƙura.

Awaisu ya tambayi kuɗin akwatin gilashi irin na kifin ado, da ya ji sai ya yi dariya ya kashe wayar. A bayan shagonsa akwai wata ƙaramar firiza mai kwanciya wadda injinta ya ƙone, mai ita ya bar masa. Ya yanke gabanta, ya samo gilashi mai kauri na wata tsohuwar kantar shago a wurin 'yan gwangwan, ya liƙa shi da gam irin na masu haɗa tagogi. Kwana biyu ya bar ruwa a ciki don ya ga ko za ta yi yoyo. Ya wanke yashin rafi sau biyar kafin ya shimfiɗa, ya jera duwatsu a gefe guda, ya ɗora wani mai faɗi a sama inda kififiyar za ta riƙa hawa ta bushe. Ya rataya mata ƙwan lantarki irin na da, mai zafi, a saitin dutsen. Ƙofar da ruwan ƙanƙara ke fita a gindin firizar ya sa mata tiyo, duk kwana uku a zare matoshi ruwa ya fita tsakar gida, a zuba sabo daga rijiya. Aka ajiye ta a falo, daf da katifar Bushra. Yarinyar ke jefa wa kififiyar tana da fara da ɗan ganyen salak, ita ke faɗa wa ubanta lokacin da ruwa ya fara wari.

A ɗakin da ke kallon nasu akwai Sabo da matarsa Mairo. Sabo ƙato ne, a da lodin hatsi yake yi a kasuwa, kuma shi ke ɗaukar wa Rahama buhun gawayi ba tare da ta roƙa ba. Wata biyu kafin nan 'yan bindiga suka tare ƙanensa Jibril a hanyar Dandume, suka harbe shi a fuska, suka tafi da babur ɗinsa. Sabo ne ya je ya naɗo gawar a tabarma. Tun daga ranar ya bar lodi ya shiga 'yan sa-kai. Ya daina hira da kowa, sai wasa adda a bakin rijiya.

Wani mai magani ya ce masa ya kawo kififiya mai rai, ya yanka ta da hannunsa, za a haɗa masa abin da harsashi ba zai shige shi ba. Sabo ya yi mako uku yana nema bai samu ba, don duk tafkunan an riga an tone su. Sai Mairo, ba da wata manufa ba, ta ba shi labarin abin da ta gani a falon Rahama.

Ya sami Awaisu a shago ranar Litinin, ya gaishe shi da ladabi, ya faɗi buƙatarsa. Awaisu ya ce ya yi haƙuri, wannan ta yarinya ce, amma zai ɗauke shi a babur su je Ƙarfi su nema. Suka je washegari, suka wuni suna tonon laka har hannuwansu suka yi kanta, ba su sami komai ba. A hanyar dawowa Sabo ya ce jibi Alhamis za su shiga daji.

"Injiniya, raina ne a gefe guda, dabba a gefe guda," in ji shi. "Ka duba."

Awaisu ya ce ya duba, kuma ba zai iya ba. Sabo ya sauka daga babur tun ba su kai gida ba, ya ƙarasa a ƙafa.

Ranar Laraba da hantsi, maza sun fita, Sabo ya ɗaga labulen ɗakin Awaisu ba sallama, adda a hannunsa. Rahama tana tankaɗe. Ta miƙe ta tare masa hanya da jikinta, ta ce ya ji tsoron Allah, maigidan ba ya nan. Ya ce ta matsa. Ta ƙi. Ya sa hannu ɗaya ya hankaɗa ta, ƙeyarta ta bugi kusurwar bango, ta zube a kan garin da take tankaɗewa, jini na bin wuyanta.

Bushra ta rarrafa ta kwanta a kan firizar ta rungume ta. Sabo ya kama ta ta damtse ya ɗaga, ya wurga ta kan katifa kamar tsumma. Ya zura hannu cikin ruwan. Kififiyar ta shige ƙarƙashin duwatsu, ya bi ta da lalube, ta kama masa ɗan yatsa ta datse. Ya fizge hannun, ya ja baya, ya juya addar ya maka gindinta a gilashin. Gilashin ya fashe, ruwa da yashi da duwatsu suka kwararo cikin falon, wani tsinin gilashi ya tsaga ƙaurin Bushra tun daga gwiwa har kusa da idon sawu. Ƙwan lantarkin ya faɗa ruwa ya tarwatse. Sabo ya tsinci kififiyar a cikin ɓaraguzan ya fita da ita tsakar gida.

Mairo ce ta kira Awaisu a waya tana kuka, maganarta ba ta fita sosai. Shagon layi biyu ne daga gidan. Ya taho a guje da abin da ke hannunsa, wani guntun bututun ƙarfe da yake lanƙwasa tagulla da shi.

Abin da ya fara gani shi ne ruwa ja-ja yana gangarowa daga ƙofar ɗakinsa. Sai Rahama a bakin ƙofa, ɗankwalinta ya jiƙe da jini, tana ɗaure ƙafar Bushra da zani. Sai Sabo a durƙushe kusa da rijiya, ya danne kififiyar da gwiwa. Ta ƙi fito da kai, shi kuma ya zura tsinin addar ta ƙofar ƙoƙon yana soka yana murɗawa, ya tara kwano a ƙasa don jininta.

Awaisu ya yi kansa da bututun. Ya kai masa bugu a ka, Sabo ya goce, ƙarfen ya sauka a kafaɗarsa. Sabo ya miƙe da addar ya kawo sara. Awaisu ya kauce amma bai tsira ba, kaifin ya zabge masa rabin kunnen hagu ya sauka a kafaɗa. Ya ji ɗumi na bin bayansa. Suka rungumi juna suka faɗi kan tukwanen Mairo, miya mai zafi ta zubo musu. Sabo ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya haye kansa, ya shaƙe shi da hannu ɗaya, yana buga kansa da siminti. Awaisu ya fara ganin duhu. Ya lalubo murfin tukunya ya kwaɗa masa a hanci, ya ji ƙashin ya ba da ƙara. Sabo ya sake shi ya dafe fuska, jini na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa.

Addar tana ƙasa, taku biyu daga inda suke. Sabo ya miƙa hannun dama zai ɗauka. Awaisu ya riga shi kai wa ga bututun, ya sauke shi a kan hannun da duk ƙarfinsa. Sabo ya yi wata irin ƙara. Awaisu ya sake bugawa. Ya sake. Hannun ya bar neman adda, ya kwanta a siminti, amma Awaisu bai tsaya ba. Ya take wuyan hannun da ƙafa yana ta bugu har yatsun suka daina kama da yatsu, sannan ya koma gwiwar hannun. Mairo ta faɗo kansa tana roƙo, ya ture ta ta faɗa kan murhu. Ya ɗaga ƙarfen saitin kan Sabo.

Wasu magina da ke aiki a maƙwabta ne suka diro ta katanga suka riƙe shi ta baya. Sai da mutum uku suka danne shi kafin aka ɓanɓare bututun daga hannunsa. Yana kwance kuncinsa a ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan ƙofar ɗakinsa. Bushra tana zaune a inda uwarta ta ajiye ta, ba ta kuka. Shi take kallo.

Kififiyar ta mutu a gefen rijiya. Kwanon ya kife tun farkon faɗan, kaji suna ta caccakar abin da ya zube.

Mota ɗaya ta kwashe su huɗu zuwa asibiti. An yi wa Rahama ɗinki shida a ƙeya. Bushra ta zubar da jini da yawa, ga jikinta dama ba ƙwari, sai da aka ƙara mata leda biyu, ta yi kwana tara a gado. An cire wa Sabo yatsu biyu, likita ya ce gwiwar hannun ba za ta ƙara miƙewa ba. Shi kuwa Awaisu, ana gama ɗinke masa kunne 'yan sanda suka tafi da shi, ya kwana uku a hannunsu.

Mai unguwa da shugaban 'yan sa-kai da mai gidan hayar suka zauna a kan maganar. Aka ce Sabo ya keta ɗakin mutum ya zubar da jinin iyalinsa, Awaisu kuma ya wuce iyaka, don ya ci gaba da bugun wanda ya riga ya faɗi. Kowa ya janye ƙararsa. Mai gidan hayar ya ce duk su biyun su tashi kafin ƙarshen wata. Sabo bai shiga daji ba. Mairo ta kai shi garinsu, Musawa, ba ta yi wa kowa sallama ba.

Da aka sallamo Bushra, ba ta tambayi kififiyar ba, ba ta kuma nemi wata ba. Abin da ya fi damun Awaisu shi ne ta daina karɓar magani daga hannunsa. In ya shigo falo sai ta juya fuska bango. In ya ɗaga hannu zai gyara labule sai ta ƙanƙame jikinta. Rahama ta ce ya ba ta lokaci. Ya koma cin abinci a shago.

Wani abokin sana'arsa ya samar masa rumfa da ɗaki a Malumfashi. Ranar tashi aka loda kaya a bayan akori-kura, Rahama ta zauna kusa da direba ta ɗora Bushra a cinya, ƙafar yarinyar a miƙe saboda ɗinki. Awaisu ya zo rufe ƙofar motar, shi a baya zai hau tare da kaya. Sai Bushra ta yi masa magana, karo na farko tun ranar.

"Baba, da ba a riƙe ka ba, da ka kashe shi?"

Rahama ta ce ta yi shiru, wace irin tambaya ce wannan. Awaisu ya tsaya riƙe da ƙofar. Ya so ya ce a'a. Ya dubi yarinyar, ya ga ba za ta yarda ba.

"Ina jin da na kashe shi," ya ce. "Allah ne ya kawo mutanen nan."

Ta daɗe tana kallon bandejin da ke kunnensa. Ta tambaye shi ko yana masa zafi, ya ce da sauƙi yanzu. Direba ya danna oda, ya ce rana na yi, ga hanya ba kyau. Awaisu ya tura ƙofar a hankali don kada ta taɓa ƙafarta, ya zagaya ya taka taya ya hau baya, ya zauna a kan buhun masara. Motar ta fita daga layin ta hau titin Malumfashi.