Ranar da Aka Ce a Sabunta Haihuwa

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu da nake ba ku labarinsa bai bar raina ba.

Na gan ni a wurin aikina, ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jiha, inda na shekara ashirin da huɗu ina rubuta wanda ya zo duniya da wanda ya bar ta. Teburina ne, kujerata ce mai gajeriyar ƙafa ɗaya, sai dai an ɗauke ofishin ɗungurungum an ɗora shi a kan bishiyar tsamiya. Ban yi mamaki ba, don an daɗe ana cewa za a canza mana wuri. Mutane na hawowa ta tsani, kowa da fayil a hammata.

Layin mutuwa ya fi tsari. Mamatan da kansu suka zo karɓar takardunsu, suna tsaye cikin natsuwa, babu mai ture wani. Wani tsoho ya duba tasa ya ce mini, "Hajiya, Talata kika sa, ni kuwa Laraba na cika, bayan la'asar." Na ba shi haƙuri na gyara, ya yi godiya ya sauka. Na ce a raina da rayayyu na da rabin ladabin nan, da hawan jini bai kama ni ba.

Sai ga Darakta ta shigo. Zabuwa ce, da tabarau a bakin hanci da mayafi a kafaɗa. Ta hau teburina ta ce, "Malama Tasalla, kin ga sabon umarni?"

Na ce ban gani ba.

"Duk haihuwar da ta wuce shekara ashirin da biyar ta tsufa, sai an sabunta ta. Uwa za ta tsaya gaban rajista ta kira sunan abin da ta haifa da ƙarfi, a buga hatimi. Wanda ba a kira ba kafin ƙarfe huɗu, a janye haihuwarsa."

"A janye ta zuwa ina, ranki ya daɗe?"

"Inda ta fito," in ji ta, ta tsinci ƙwayar gero ɗaya da baki daga cikin fayil ta wuce.

Aka fara aiki. Hatimin ofis ya zama kwaɗo, in uwa ta kira suna ya ji daidai, sai ya yi tsalle ya zauna a kan shafin, ya bar shaida shuɗiya. Waɗanda iyayensu suka rasu ba su sha wahala ba, daga layin mamata ake kiran su. Wani mai sayar da taya, ƙato guda, uwarsa ta tsaya sayen daddawa a hanya. Muna kallo ya koma saurayi, ya koma yaro, ya koma jariri, daga nan sai hula da takalma a ƙasa. Mai shara ta zo ta share su. Na ce na gaba ya matso, don aiki aiki ne.

Rajista ta juya shafi da kanta. Na ɗaga kai, sai ga 'yata tsaye a gabana da cikinta wata takwas.

To, nan ne gizo ke saƙa. Yarinyar nan 'yar fari ce, kuma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Haka uwata ta yi mini, haka aka yi mata. Tun daga yaye kakarta ta ɗauke ta, ni kuwa shekara ashirin da bakwai ke nan ban taɓa ɗora sunanta a harshena ba. In ina son ta kawo ruwa sai in ce "ke". In ana maganarta a gabana sai in ce "yarinyar nan", in kau da kai. Ko yanzu da ta dawo gida haihuwar fari, ta ƙarƙashin ido nake duba ƙafafunta ko sun kumbura, in aika ƙanwarta ta tambaye ta me take son ci. Son da nake mata kuwa Allah kaɗai ya sani, don ban taɓa gaya wa kowa ba, har ita.

Ta ce, "Umma, an ce ke za ki kira."

Na ce to, ai ni ma'aikaciya ce, zan rubuta. Na ɗauki biro na rubuta sunan tsaf, da rubutun da ake yabona a kansa. Haruffan suka miƙe suka zama tururuwa, suka bi ƙafar tebur suka sauka a layi. Da na sake dubanta babu cikin. Tana sanye da kayan makarantar sakandare, da jakar littattafai a baya.

"Ina cikin?" na tambayi Darakta.

"Ya koma jira," ta ce. "Ba a ba jika lamba sai uwarsa ta tabbata."

Agogon bango ƙadangare ne, yana gyaɗa kai. Ya gyaɗa sau uku da rabi.

Na daure na ce, "Ke, amsa mana." Kwaɗon ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Masu suna Ke sun fi dubu tara a rajistar nan, Hajiya. Wacce daga ciki?" Ya rufe idon. Yarinyar ta koma 'yar shekara shida, da giɓi a gaba da kitson da ban taɓa zama na yi mata ba. Ta kama bakin teburin tana leƙena, ba kuka, ba fushi, jira kawai take.

Sai na ji gyaran murya daga layin mamata. Inna ce, mahaifiyata, da carbinta, kamar ba ita muka binne shekara tara da suka wuce ba. Na ce, "Inna, don Allah ki kira mini ita, ke kika raine ta."

"Kaka ba ta sa baki," in ji Darakta.

Inna ta harare ni ta ce, "Tasalla ake ce miki a ofis ko? To ni ban taɓa faɗa ba, ga ki nan kin rayu. Kada ki kuskura ki zubar mana da mutunci a gaban jama'a."

Na dubi hannuna. Ina hango katakon tebur ta cikin tafin, har da tabon tawada. Ban san tun yaushe nake haka ba. Mamata da rayayyu kowa ni yake kallo, wasu mata har sun toshe kunne da mayafi don kada su ji abin kunya.

Da na mai da ido babu kowa a gaban teburin. Yarinyar tana kansa, a cikin zanen goyo, jaririya ja wur, tana motsa 'yan yatsu. Darakta ta leƙa ta ce, "Kwana takwas. Da ta sauka ƙasa da bakwai ta wuce ranar suna. Daga nan ko kin buɗe baki babu abin da za ki kira."

Ƙadangaren ya ɗaga kai zai gyaɗa na huɗu. Kunya ta rufe ni, Inna tana cewa kul. Na ɗauki jaririyar na ji ba ta kai nauyin fayil ba. Ban san sanda na miƙe ba.

"Murjanatu!"

Ƙarar faranti ce ta tashe ni, ya faɗi a siminti yana ta juyi. Gari ya waye. Ina zaune a tsakiyar gado, maƙogwarona na zafi, hannuwana a rungume da filo. A bakin ƙofa yarinyar nan tana tsaye da cikinta, kokon da ta kawo mini ya malale har ƙarƙashin labule. Na buɗe baki zan ce mafarki nake yi.

Ta dafa bango ta durƙusa da ƙyar tana tsince ƙosai ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗago ba, amma na ga hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

Ta ce, "Umma, ashe kin san shi."