Tsaga Bakwai a Jikin Ƙofa

Ni dai ban iya aiki mai datti ba, kowa a ofishinmu ya sani. In na auna gini da na'ura na zuba siffarsa a kwamfuta, sai na bi shi ɗaki-ɗaki na share tarkace: tsuntsun da ya gitta, leburan da ya tsaya shan sigari, kaushin katako. Haka na yi wa wani tsohon gidan katako na bakin teku a garin Mudanya, sau biyu, kafin gyara da bayan gyara. Ya fito sumul, har ni kaina na yaba.

Mai gidan, Mefharet Hanim, ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, ba za ta sake hawa benen ba. Don haka muka kai mata gidan a kwamfuta har ɗakin da take jinya, ni da Usta Rifki, shugaban kafintocin.

"Kai ni ɗakin sama mai kallon teku, 'yata," in ji ta. "Matso da ƙofar. Gefen dama."

Na matso. Ta gyara tabarau, ta duba, ta sake dubawa.

"Ina tsagogin Nejdet?"

Ban ma san wane ne Nejdet ba. Ashe ƙanenta ne. Babansu kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, duk ranar da ya dawo daga tafiya sai ya tsayar da yaron jikin ƙofar ya tsaga alamar tsawonsa a katakon da wuƙa. Sau bakwai. Yaron na da shekara tara ruwa ya ci shi, ko hotonsa babu.

"Wannan sabon katako ne, Hanim," in ji Usta. "Tsohon ƙwari sun cinye shi, mun ƙone. Amma kwantar da hankalinki. Sai da na tambayi 'yar nan Ilknur kafin na cire, ta ce har kan ƙusa yana cikin kwamfutarta." Ya juyo gare ni yana dariya. "To, malamar zamani, buɗe mana na kafin gyara, ki nuna gwaninta."

Wallahi sai tsagogin suka faɗo mini a rai. Na tuna su sarai. Layi bakwai, ɗaya bisa ɗaya, daidai ƙuguna zuwa ƙirji. Na ɗauka ɓarnar masu kwasar kaya ce, na shafe su cikin minti ɗaya ina cin burodi mai riɗi. Ainihin awon da na'ura ta ɗauko kuwa na goge shi tun watan jiya, wai ya cika mini wuri.

Na buɗe dai. Ƙofar ta fito tas kamar yau aka fere ta.

"Ba wannan ba, 'yar nan, tsohon!" in ji Usta.

"Shi ne tsohon, Usta. Ni na share su."

Ya ajiye kofin shayinsa, baki buɗe.

Na so Mefharet Hanim ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta ko kalle ni ba. Ta miƙa hannu gefen gado, tafin yana kallon ƙasa, kamar ta dafa kan yaro.

"Ba komai, na san inda ta ƙarshen take. Nan." Ta ɗan ɗaga hannun, ta sake saukewa. "Ko dai nan ne? Rifki, kai ka gani da idonka. Nan ne?"